Almara a Littattafan Yahudawa: Tambayoyi da Amsoshi

Mai sauraron tafsiri a watan azumi ya saba jin malami ya kawo wani labari mai ban al'ajabi game da mutanen farko, sannan ya ce, "Wannan dai Isra'iliyyat ne, ba a kafa hujja da shi." Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, su Bani Isra'ilan da aka jingina wa labarin, yaya suke ɗaukarsa? Gaskata shi suke yi yadda ya zo, ko misali suke ganinsa? Tambayoyin da ke ƙasa suna bin wannan zance daga Attaura har zuwa zamaninmu. Bayani ne na abin da ke cikin littattafansu da abin da malamansu suka yi jayayya a kai, ba wa'azi ba ne.

Almara irin ta Gizo da Ƙoƙi ake nufi?

A'a. Masu nazarin addinai suna nufin labarin da al'umma take faɗa wa kanta don bayyana asalin abubuwa: yadda aka yi sama da ƙasa, inda mugunta ta samo tushe, dalilin da ya sa mutum yake mutuwa, da yadda ita al'ummar ta zama abin da ta zama. A irin wannan labari Ubangiji da mala'iku da dodanni suna fitowa fili, suna magana, suna fushi, wani lokaci har suna yaƙi. Idan masani ya kira labari almara, ba hukuncin ƙarya ya yanke masa ba, siffarsa yake nufi da aikin da yake yi a rayuwar masu shi. Duk da haka, Bayahude mai riƙo da addini sau da yawa ba ya son wannan laƙabi. Shi zai ce aggada, wato labarai da hikimomin malamai, ko midrash, wato tono ma'ana daga nassi, ko mashal, wato misali.

Waɗanne littattafai ake magana a kansu?

Na farko shi ne Tanak, littattafai 24 a lissafin Yahudawa, kashi uku: Attaura mai littattafai biyar, sai Annabawa, sai Rubuce-rubuce inda Zabura da Ayuba da Karin Magana suke. Kusan duka da Ibrananci aka rubuta su, in ban da 'yan sassa da Aramiyanci. Bayansu akwai abin da suke kira Attaurar baka: Mishna, wadda aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya a hannun Rabi Yahuda ha-Nasi, da Talmud na Urushalima wajen 400, da Talmud na Babila wanda ya fi shi girma da ƙarfin hujja, wanda aka kammala bayan shekara ta 500. Sai tarin littattafan midrash, sai littattafan Kabbala, wato ilimin baɗini na Yahudawa, irin su Zohar na ƙarni na 13. Tsakanin tsofaffin sassan Tanak da Zohar akwai kusan shekara dubu biyu, don haka kada a sa ran jin murya ɗaya.

Ashe ba tauhidi ne ya kori almara daga cikin Attaura ba?

Wannan ne ra'ayin Yehezkel Kaufmann, wanda ya rubuta tarihin addinin Isra'ila da Ibrananci tsakanin 1937 da 1956. Hujjarsa tana da ƙarfi. A addinan maƙwabta ana haihuwar alloli, suna aure, suna tsufa, suna mutuwa, kuma tsafi yana iya tilasta su. Allah na Tanak ba shi da uba, ba shi da mata, kuma babu labarin haihuwarsa ko ɗaya.

A kwatanta babin farko na littafin Farawa da waƙar halitta ta Babila, Enuma Elish. A can Marduk, allan Babila, ya gwabza da Tiamat, uwar ruwan teku, ya kashe ta, ya tsaga gawarta gida biyu, ya yi sama da rabi ɗaya. Aka yi mutum da jinin wani allan da ya yi tawaye, don ya ɗauke wa alloli wahalar aiki. A Farawa babu faɗa ko kaɗan, umarni ne kawai: a yi haske, sai haske ya kasance. Rana da wata ma ba a ambaci sunayensu ba, an ce babban haske da ƙaramin haske, domin maƙwabta bauta musu suke yi. Manyan dodannin ruwa kuwa a rana ta biyar aka halicce su, tare da kifaye da tsuntsaye. Masana da yawa suna karanta babin a matsayin raddi ga Babila, kuma suna danganta shi da zamanin da aka kwashe Yahudawa bauta can bayan rushe Haikali, babban ɗakin ibadarsu na Urushalima, a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Kaufmann ya yi daidai game da wannan babi. Matsalar ita ce Tanak ba babi ɗaya ba ne.

To daga ina dodon teku ya ɓullo?

Bai taɓa barin wurin ba, a cikin waƙoƙi ya fake. Zabura ta 74 kuka ce ta mutanen da abokan gaba suka ƙona musu wurin ibada. A tsakiyar kukan mai waƙar ya tuna wa Allah cewa shi ne ya raba teku da ƙarfinsa, ya farfasa kawunan Lewiyatan, dodon teku. Kawuna, ba kai ɗaya ba. A Ishaya 51 annabin ya yi kira ga hannun Ubangiji ya farka kamar zamanin dā: ba kai ne ka daddatse Rahab ba, ka soki dodon? Daga nan bai ko numfasa ba ya wuce zuwa busar da teku don waɗanda aka fansa su ƙetare. Wato ya haɗa yaƙin farkon duniya da fitowa daga Masar ya mai da su abu ɗaya, sannan ya nemi a maimaita shi ga masu zaman bauta a Babila. A Ishaya 27 kuma yaƙin yana gaba ne, ranar ƙarshe Ubangiji zai hukunta Lewiyatan da takobinsa.

An daɗe ba a san ainihin tushen wannan hoto ba. A 1928 wani manomi a gaɓar tekun Siriya ya ci karo da wani kabari yana huɗa, a 1929 Faransawa suka fara tona tudun Ras Shamra, sai ga tsohon birnin Ugarit da allunan yumɓu masu shekara sama da dubu uku. A cikinsu Ba'al, allan mutanen birnin, yana yaƙi da Yam, wato teku, kuma an ambaci wani maciji Lotan mai kawuna bakwai, da siffofi biyu: mai gudu, mai murɗewa. Su ne siffofin da Ishaya 27 ya ba Lewiyatan.

Ruwa ba ya tsami banza. Idan aka duba wuraren da yaƙin dodon ya fito, galibi lokacin tsanani ne. Masani Jon Levenson ya gina littafinsa na 1988 a kan wannan: mutumin da aka rushe wa gari ba ya jin duniya a daidaita take kamar yadda Farawa ta zana, sai ya koma ga tsohon hoton ɓarna mai rai, wadda aka taɓa murƙushewa kuma ake roƙon a sake murƙushe ta. A lokacin kwanciyar hankali kuwa, Zabura ta 104 ta ce Lewiyatan abin wasa ne da Allah ya yi a cikin teku. Littafin Ayuba ya fi duka ƙarfin hali. Bayan Ayuba ya gama neman dalilin wahalarsa, amsar da ya samu ba dalili ba ce, an nuna masa Behemot, ƙatuwar dabbar tudu, da Lewiyatan ne aka tambaye shi ko zai iya jawo wannan da ƙugiya.

Gaskiya ne labarin Ruwan Ɗufana daga Babila aka ɗauko shi?

A watan Disamba na 1872 George Smith, ma'aikacin gidan tarihi na Birtaniya a Landan, ya karanta wa jama'a wani allo da aka tono daga ɗakin karatun Sarki Ashurbanipal a Ninawa, daura da Mosul ta yau. Sashe ne na waƙar Gilgamesh. Wani mutum Utnapishtim ya sami gargaɗi, ya gina jirgi ya shafe shi da kwalta, ya shigar da iyalinsa da dabbobi, jirgin ya tsaya a kan dutse, ya saki kurciya da tsattsewa da hankaka, ya fito ya yi yanka. Kamannin ya wuce a ce dace ne.

Bambancin ma ba ƙarami ba ne. A wata tsohuwar waƙar Babila mai suna Atrahasis, dalilin ruwan shi ne hayaniyar mutane ta hana Enlil, ɗaya daga manyan allolinsu, barci. Allolin da suka saki ruwan su ma tsoro ya kama su, kuma da aka yi yanka suka yi masa rubdugu kamar ƙudaje. A Farawa dalilin shi ne duniya ta cika da zalunci, kuma labarin ya ƙare da haramta zubar da jinin mutum da alkawarin da bakan gizo ya zama alamarsa.

Masu imani suna cewa abu ɗaya ne ya faru, kowace al'umma ta riƙe abin da ta riƙe. Masana tarihi suna cewa marubutan Isra'ila sun ɗauki labarin da kowa ya sani a yankin suka sake masa alƙibla. Akwai kuma waɗanda suka yi amfani da binciken don cin mutunci: laccocin Friedrich Delitzsch a Balin daga 1902, a gaban Sarki Wilhelm na biyu na Jamus, sun karkata zuwa cewa duk abin kirki a Tanak na Babila ne. Wannan ya sa malaman Yahudawa da yawa suka daɗe suna ƙyamar irin wannan nazari.

Su wane ne "'ya'yan Allah" da aka ce sun auri 'yan matan mutane?

Ayoyi huɗu ne kacal a farkon Farawa 6, kuma suna kama da guntun wani dogon labari da aka datse. An ce sun ga 'yan matan mutane kyawawa suka aure su, aka haifi ƙatta, jaruman zamanin dā. Littafin Anuhu, wanda ba ya cikin Tanak kuma tsofaffin sassansa sun kai ƙarni na 3 kafin Annabi Isa (AS), ya cike giɓin: mala'iku 200 suka sauka a Dutsen Harmon ƙarƙashin Shemihaza, Azazel ya koya wa mutane ƙera takubba da kwalliyar ido, wasu suka koyar da sihiri da duba, daga nan duniya ta lalace. A wannan fahimta mugunta daga sama ta sauko.

Malaman Talmud ba su karɓi littafin ba. An ruwaito Rabi Shimon bar Yohai yana la'antar duk wanda ya fassara kalmar da 'ya'yan Allah, shi 'ya'yan alƙalai yake cewa, wato manyan gari masu ƙwace matan talakawa. Laifin ya dawo wuyan ɗan Adam ke nan. Da ba don Habasha ba da littafin ya ɓace: a can aka adana shi cikakke da harshen Ge'ez, James Bruce ya kai kwafe Turai a 1773, sannan aka sami guntayensa na Aramiyanci a kogunan Kumran da aka fara ganowa a 1947.

Idan malaman Talmud sun ƙi wannan, ke nan sun guji almara?

Ko kusa. Sun ƙi wadda take raba mulki da Allah, amma tasu ta fi ta Tanak yawa da tsaurin ido. Sun ce an halicci Lewiyatan mace da namiji, da an bar su sun hayayyafa da sun hallaka duniya, sai aka kashe macen aka sa mata gishiri aka ajiye don walimar salihai a lahira, fatar kuma za a yi musu rumfa da ita. Har yau wasu suna addu'a a ƙarshen Idin Bukkoki cewa Allah ya sa su zauna a rumfar fatar Lewiyatan. Dodon da ya firgita Ayuba ya zama naman biki.

Mafi nauyi su ne waɗanda suka shafi Allah kansa. An ce wata ya yi ƙorafi cewa sarakuna biyu, wato shi da rana, ba sa amfani da kambi ɗaya, aka ce masa to je ka rage kanka, daga baya Allah ya ce a kawo hadaya ta kaffara dominsa saboda ya ƙanƙantar da wata. An ce Rabi Yose ya shiga wani kango a Urushalima zai yi addu'a, ya ji murya tana kuka kamar kurciya, tana cewa kaiton 'ya'yan da saboda zunubinsu na rushe gidana na warwatsa su. An ce duk inda aka kore su, Shekina, wato kasancewar Allah a tsakaninsu, tana tafiya tare da su. Musulmi ko Kirista zai ji nauyin irin wannan magana a bakinsa, kuma su ma sun ji, shi ya sa suke yawan sa wata kalma mai nufin "in da za a iya faɗar haka", ko su ce da ba a rubuce yake ba da ba mai iya furta shi. Amma a lura da lokacin: Rumawa sun rushe Haikali na biyu a shekara ta 70, kuma tambayar da take cin mutane ita ce ko Allah ya yashe su. Waɗannan labarai amsa ce gare ta. Michael Fishbane ya nuna a littafinsa na 2003 cewa ba daga waje suke kwaso su ba, daga cikin ayoyi suke tono su, harafi bayan harafi.

Abin da ya hana wannan rikita addinin shi ne rabewa tsakanin halaka, wato shari'a, da aggada. Talmud na Urushalima ya ce ba a ciro hukunci daga aggada. Akwai ma labarin da ya koyar da hakan da kansa. Rabi Eliyeza ya yi jayayya da sauran malamai kan tsarkin wani tanderu, ya kira bishiya ta tashi daga wurinta, ruwa ya koma da baya, bangon makaranta ya karkata, har murya ta zo daga sama ta goyi bayansa. Rabi Yoshuwa ya miƙe ya ce Attaura ba a sama take ba, an riga an ba da ita, rinjayen malamai ake bi. Aka ce Allah ya yi murmushi ya ce 'ya'yana sun rinjaye ni. Labarin mu'ujiza ne da aka kawo don a ce mu'ujiza ba ta yanke hukunci.

Akwai waɗanda suka ce duk misali ne?

Tun cikin Talmud wani ya ce Ayuba bai taɓa rayuwa ba, misali ne, ko da yake an yi masa musu nan take. Kafin nan Filo na Iskandariya, wanda ya yi zamani da Annabi Isa (AS), ya karanta Adamu a matsayin hankali, Hauwa'u gaɓoɓin ji da gani, maciji kuma sha'awa.

Zancen ya yi zafi ne a ƙasashen Musulmi. Ƙara'iyawa, Yahudawan da suka ƙi Attaurar baka, suna yi wa labaran Talmud dariya, malaman Musulmi irin su Ibn Hazm na Andalus suna sukar su. Sa'adiya Ga'on, haifaffen Fayyum a Masar wanda ya rasu a 942, ya fassara Attaura zuwa Larabci yana kauce wa duk lafazin da zai ba Allah jiki. Shugabannin makarantun Iraƙi na bayansa suka ce ba a dogara da aggada.

Wanda ya fi kowa tsara maganar shi ne Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba wanda ya rasu a Masar a 1204. Ya kasa masu karanta aggada gida uku. Na farko, kuma su ne mafi yawa, suna gaskata komai a zahirinsa suna zaton girmama malamai suke yi, alhali zubar musu da mutunci suke. Na biyu su ma a zahiri suke ɗauka, sai su yi izgili. Na uku, waɗanda ya ce da ƙyar za a kira su rukuni saboda ƙarancinsu, sun gane cewa masu hikima da kacici-kacici suke magana. A littafinsa Dalalatul Ha'irin, wanda ya rubuta da Larabci cikin haruffan Ibrananci, ya ce duk inda aka ga mala'ika ya bayyana to wahayi ne ko mafarki: baƙin Ibrahim uku, kokawar Yakubu da dare, da jakar Bal'amu mai magana.

Musa bin Nahman na Jirona bai yarda ba. Ya ce wannan magana ta saɓa wa nassi, jin ta ma haramun ne, ya kuma tambaya: in mafarki ne, me ya sa Yakubu ya wayi gari yana ɗingishi? Sai ga shi a 1263, a muƙabalar Barselona a gaban sarkin Aragon, wani Bayahude da ya koma Kirista ya kawo masa aggadar da ta ce an haifi Almasihu ranar da aka rushe Haikali. Bin Nahman ya ce midrash kamar huɗuba yake, wanda ya gaskata ya yi kyau, wanda bai gaskata ba babu laifi. Nassi daban, huɗubar malamai daban.

Mene ne haɗin wannan da Isra'iliyyat na littattafan tafsiri?

Yawancin abin da ake kira Isra'iliyyat ba daga Attaura rubutacciya ya fito ba, daga aggada ne, ta bakin mutane irin su Ka'abul Ahbar da Wahbu bin Munabbih. Misali mai kyau shi ne ƙaton nan Uju bin Unuƙu na littattafan ƙissoshin annabawa. A Attaura sunansa Og, sarkin Bashan, kuma abin da aka faɗa a kansa kaɗan ne, har da cewa gadonsa na ƙarfe kamu tara ne a tsawo. Talmud ne ya ce ya ciccibo dutse zai rufe sansanin Isra'ila da shi, ƙwari suka huda dutsen ya zarme masa a wuya, Musa mai tsawon kamu goma ya ɗauki gatari mai kamu goma ya yi tsalle kamu goma, sannan ya sare shi a idon sawu. Ibn Kasir ya yi watsi da labarin a tafsirin Suratul Ma'ida. Shi ne kuma ya kawo kason nan uku da ɗalibai suka sani: abin da nassi ya gaskata, abin da ya ƙaryata, da abin da ya yi shiru a kansa.

Akwai wani ɓangare daban. Labarin Annabi Ibrahim (AS) yana farfasa gumaka ya bar babbansu, da jefa shi cikin wuta, ba ya cikin littafin Farawa, amma yana cikin midrash Bereshit Rabba, kuma yana cikin Suratul Anbiya'i. Ɗaga dutse a kan Bani Isra'ila yana cikin Talmud, yana kuma cikin Baƙara da A'araf. Ga Musulmi wannan wahayi ne da ya tabbatar da gaskiyar da ta saura a hannun Ma'abota Littafi. Masana Turai tun daga Abraham Geiger a 1833 ta fuskar aro suka duba shi. Ko ta wace fuska aka duba, ruwan ba gefe ɗaya ya gudana ba: midrash Pirke de-Rabi Eliyeza ya ba matan Annabi Isma'ila (AS) sunayen A'isha da Faɗima, alamar an kammala shi bayan zuwan Musulunci.

Me ya sa ake cewa Kabbala ce ta dawo da almara da ƙarfinta?

Gershom Scholem ne ya yaɗa wannan magana, musamman a littafinsa na 1941. Ya ce masu falsafa sun tsarkake tauhidi har ya yi nisa da zuciyar mai ibada, sai almara ta dawo ta tsakiyar gida. Zohar ya bayyana a Kastil ta Sifaniya a ƙarshen ƙarni na 13 ta hannun Musa de Leon, an jingina shi ga Shimon bar Yohai. Yana magana kan Ein Sof, wato Allah wanda ba shi da iyaka kuma ba a saninsa, da sefirot, wato siffofi goma da yake bayyana ta cikinsu, ta ƙarshensu Shekina, wadda aka siffanta da amarya da zunubin mutane ya raba da angonta.

Ishaƙu Luriya ya koyar a garin Safad na Galili kamar shekara biyu kawai kafin ya rasu a 1572, ɗalibinsa Hayyim Bital ya rubuta koyarwar. Ya ce kafin halitta Allah ya janye kansa don a sami fili. Aka zuba haske cikin tukwane, tukwanen suka kasa ɗauka suka fashe, tartsatsin haske ya faɗo ya maƙale cikin ɓawon mugunta. Aikin mutum shi ne tikkun, gyara: kowace addu'a, kowace doka da aka kiyaye, tana ɗaga tartsatsi ɗaya. Scholem ya ga amsa ce ga korar Yahudawa daga Sifaniya a 1492, domin ta mai da gudun hijira halin duniya baki ɗaya. Wani masanin Kabbala, Moshe Idel, ya yi masa musu kan wannan haɗi.

Abin yana da haɗari. A 1665 aka shelanta Shabbetai Sebi na Izmir a matsayin Almasihu, Yahudawa daga Yaman har Amsterdam suka ruɗe, a 1666 ya musulunta a fadar Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Mabiyansa suka ce ai ya shiga cikin ɓawon ne don ya ceto tartsatsin ƙarshe. Masanin tarihi Heinrich Graetz ya kira Zohar littafin ƙarya, a Yaman ma Rabi Yahaya Ƙafih ya yaƙe shi a farkon ƙarni na 20. Amma kusan duk majami'ar da aka shiga yammacin Juma'a za a ji waƙar Leka Dodi ta Safad, jama'a suna juyawa wajen ƙofa don tarbar Asabar a matsayin amarya.

Da gaske Attaura ta ce Adamu ya yi mata kafin Hauwa'u?

Ba ta ce ba. Sau ɗaya sunan Lilit ya fito a Tanak, a Ishaya 34, cikin jerin halittun da ke zama a kufai. A Talmud aljanar dare ce mai dogon gashi da fukafukai. Labarin cewa ita ce matar Adamu ta farko, ta ƙi yi masa biyayya ta gudu, daga wani littafi ne mai cike da barkwanci, Abajadar Ben Sira, na wajen ƙarni na 8 zuwa na 10. Ya samu gindin zama ne saboda Farawa ta ba da labarin halittar mace sau biyu, da kuma tsoron mutuwar jarirai: an daɗe ana rataya laya mai sunayen mala'iku uku a ɗakin mai jego don a kore ta.

Fitowa daga Masar fa, tarihi ne ko almara?

Nan ne zancen ya fi taɓa jijiya. Littafin Fitowa ya ce maza kusan 600,000 ne suka fita, ban da yara. Masu tonon ƙasa ba su sami alamar irin wannan taro a Sina'i ba, kuma rubutun Masar mafi tsufa da ya ambaci Isra'ila, dutsen Fir'auna Merneptah na wajen 1208 kafin Annabi Isa (AS), a ƙasar Kan'ana ya nuna su. Wasu masana suna ganin ƙaramin rukuni ne ya fito, labarinsu ya zama na kowa. Masu riƙo da zahiri suna cewa rashin samun alama ba hujja ba ne. Da Rabi David Wolpe ya faɗi shakkar masana a huɗubar Idin Ƙetarewa a Los Anjeles a 2001, an yi ta ce-ce-ku-ce har a jaridu.

Tun 1904 marubuci Ahad Ha'am ya ce ko da an tabbatar masa Musa bai rayu ba, Musan da ya jagoranci al'ummar dubban shekaru yana nan. Ko ba a yarda da shi ba, aikin labarin a bayyane yake. Mishna ta ce wajibi ne kowane mutum a kowane zamani ya ɗauki kansa kamar shi ne ya fito daga Masar, shi ya sa ake cin gurasa marar yisti da ganye mai ɗaci, ƙaramin yaro yana tambaya uba yana amsawa. Shari'a ma a kansa take jingina: kada ku zalunci baƙo, gama kun yi baƙunci a Masar. Talmud ya ƙirga wannan gargaɗi sau 36 a Attaura.

Yau Yahudawa a wane matsayi suke?

Ba matsayi ɗaya ba. Masu tsananin riƙo suna ɗaukar Farawa yadda ta zo, kuma kalandar addini daga halitta take ƙirga, shekarar 5785 ta kama a watan Oktoba na 2024. Ɓangarorin Rifom da Konsabatib, masu sassauci, suna koyar da binciken masana tarihi a makarantun horar da malamansu. A tsakiya akwai masu kiyaye shari'a sosai amma ba sa ganin kwana shida na halitta irin kwanakinmu ne. Suna kafa hujja da Rashi, babban mai tafsiri na Faransa da ya rasu a 1105, wanda ya ce ayar farko ba jerin halitta ta zo koyarwa ba, da Rabi Abraham Kuk da ya rasu a 1935, wanda ya ga ra'ayin cewa halittu suna sauyawa sannu a hankali ya dace da Kabbala.

Rigimar ba ta mutu ba. Tsakanin 2004 da 2005 wasu manyan malamai masu tsananin riƙo suka haramta littattafan Rabi Natan Slifkin saboda ya ce duniya ta kai biliyoyin shekaru, kuma malaman Talmud suna iya kuskure a ilimin dabbobi. Ya kāre kansa da maganganun Bin Maimun da ɗansa Ibrahim, aka ba shi amsa cewa su suna da ikon faɗar haka, mutanen yanzu ba su da shi. A 2014 ya buɗe gidan nuna dabbobin da aka ambata a Tanak a garin Bet Shemesh.